Fentin da Ya Bushe a Gwangwani

Akwai wani mutum mai suna Kefas, direba ne, wanda ya girma a gidan da ba na mahaifinsa ba. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, sai wani dattijo na ikilisiyarsu ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa. Dattijon nan kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru. A ƙuruciyarsa gyaran jikin mota yake yi, wato fanel bita, mai buga ƙarfen da ya lotsa har ya miƙe, ya shafa masa fenti ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi motoci kaɗan yana ba direbobi haya ta shekara guda. In shekara ta cika, mutum ya dawo da mota a duba ta, sa'an nan a ga ko za a sake ba shi.

Baba yana da wata al'ada. Ranar Asabar ta farko a kowane wata, direbobinsa duka sukan kawo motocin gidansa, su jera su a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Sai ya fito da tsohuwar rigarsa ta aiki, ya rufe idanunsa, ya ɗora tafin hannu a jikin mota, ya bi ta a hankali tun daga fitilar gaba har bayanta. Yakan ce sheƙin fenti yana iya ruɗin idonsa, amma hannunsa ya daɗe a aikin nan, ba a ruɗinsa. In ya ji wani wuri ya kwarzane ko ya lotsa, ba ya yi wa kowa faɗa. Sai ya ɗauko guduma da buroshi ya gyara nan take, direban kuwa yana zaune a inuwa yana cin abinci.

In za a faɗi gaskiya, abincin nan ya fi duba motar jawo su. Matar Baba, Mama Afiniki, takan dafa gwaten acca da ganye a babbar tukunya, kowane direba da kwanonsa, ba a musanya. Na Kefas wani tsohon kwanon samira ne mai ɗan ɓalli a baki, a hannunsa ya faɗi ya ɓalle tun yana yaro, Mama kuwa ta ƙi jefar da shi. A nan ake hira, ana tsokanar wanda ya yi ƙiba, ana tambayar wanda bai yi aure ba me yake jira. Kafin a watse Baba yakan yi musu addu'a, yana kiran sunan kowa ɗaya ɗaya. Duk duniya babu inda Kefas yake jin shi ɗan gida ne kamar gindin mangwaron nan.

Da Kefas ya ƙware a tuƙi, Baba ya ba shi hayar motar da ya fi so a cikin motocinsa. Shuɗiya ce, amma ba shuɗin kanti ba. Baba ne ya haɗa launin da kansa, yana ɗiga wannan yana ƙara wancan, har ya fito kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Ranar da ya miƙa masa makulli, ya yabe shi a gaban sauran direbobi, ya ce tun Kefas yana tuƙa keke bai taɓa ganin ya kwarzani abu ba. Sa'an nan ya riƙe hannunsa ya ce, “Ɗana, mota ƙarfe ce, hanya kuma ba taka kai kaɗai ba ce. Duk abin da ya same ta, komai ƙanƙantarsa, ka kawo mini shi da ɗanyensa. Gyara nawa ne.”

Kefas ya ji yabon da kunnuwansa biyu. Sauran maganar kuwa da rabin kunne ya ji ta.

Ya tafi da motar birni, ya kama ɗaki kusa da tasha, yana ɗaukar fasinja tsakanin birnin da garuruwan da ke kewaye. Wata huɗu yana zuwa gida kowace Asabar ta farko. Baba ya bi motar da hannu ya buɗe ido ya yi murmushi, Kefas ya ci kwano biyu ya koma yana waƙa.

A wata na biyar, damina ta fara sauka, wata rana da hantsi ya hangi fasinjoji uku da kayansu a bakin tasha, ya kuma ga wani direba ya nufe su. Sai zuciyarsa ta ce masa ya riga shi. Ya kutsa tsakanin wata babbar mota da ke tsaye da wani turken ƙarfe, wurin da ko mai baro sai ya tsaya ya auna. Ya ji ƙarar da kowane direba ya sani. Da ya sauka ya duba, sai ga ƙofar baya ta dama ta ɗan lotsa, fenti ya kwarzane tsawon ɗan yatsa, farin ƙarfe yana leƙowa. Fasinjojin kuwa, bayan wannan wahala duka, motar wancan direban suka shiga.

Abin bai kai a kira shi ɓarna ba. Aikin rabin sa'a ne a hannun Baba, kuma saura kwana huɗu Asabar ta zo. Amma Kefas yana tsaye yana kallon wurin, ba ya jin komai sai muryar Baba tana cewa bai taɓa ganin ya kwarzani abu ba. Ya tuna da fuskokin sauran direbobi, ya san wanda zai fara dariya. Ya ga kamar in yabon nan ya faɗi, matsayinsa a gidan ma ya faɗi, gama wanda aka riƙa yakan ɗauka cewa halinsa ne yake biya masa wurin zama.

A cikin motar akwai wata sitika da aka raba musu a taron farkawa na ikilisiya, an rubuta mata “Shekarar Nasarata.” Ya ɗauko ta, ya share wurin da gefen rigarsa, ya manna. Ta rufe kwarzanen daidai, sai ka ce dominsa aka yanka ta. Ya ja da baya ya duba, ya ga har ado ta yi wa ƙofar, ya ce a ransa magana ta ƙare.

Ranar Asabar ya wanke motar da sassafe ya kama hanyar gida. Akwai wata mararraba kafin a shiga garin, inda in ka ɗaga kai za ka hangi kan mangwaron gidan Baba ya fi sauran bishiyoyi tsawo. Yana isa nan sai ya tuna da abin da ya mance. Baba ba da ido yake duba mota ba. Tafin hannun da ya yi shekara arba'in a kan ƙarfe ba zai wuce takarda mai danƙo bai tambayi abin da ke ƙarƙashinta ba. Kefas ya tsaya a gefen hanya, inji yana aiki, yana kallon kan bishiyar. Daga bisani ya juya. Ya ba wani abokin aikinsa kuɗin haya ya kai, ya ce a gaya wa Baba aiki ya yi masa yawa, sai wata mai zuwa.

Wata mai zuwa ya zo, abin ya ƙara nauyi, domin yanzu ban da kwarzane akwai ƙarya a kai. Sai ya sake aikawa. Kuɗin haya bai taɓa yin latti ba ko sau ɗaya, mutumin ne kawai ba ya zuwa.

Tun daga lokacin Asabar ta farko ta zama masa ranar ciwo. Yakan zauna a rumfar mai abinci a tasha, a zuba masa gwate mai ruwa-ruwa a kwanon da kowa ke ci, ya riƙe cokali ya kasa kai wa baki. Ya san kowace sa'a ta ranar nan da abin da ake yi a cikinta. Yanzu Baba yana sa rigar aiki. Yanzu Mama ta buɗe tukunya, tururi ya tashi, ana cewa a matsa wa wane ya zauna. Yakan yi ta tunanin ko an ajiye kwanonsa, ko kuwa an ba wani sabon direba. Abin da ya fi cin ransa shi ne addu'ar ƙarshe, ko har yanzu ana kiran sunansa, ko an fara tsallake shi. Kewar gida ta kama shi sosai, irin wadda take hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Ga shi kuma aikinsa yana bi da shi ta mararrabar nan kusan kowane mako. In ya iso sai ƙafarsa ta sauka daga kan totur da kanta, motar ta rage gudu, har fasinja su tambaye shi ko wani abu ya lalace. Ya ce musu babu komai. Daga nan ya ga mangwaron ya gama 'ya'ya, ya ga ya yi sabon ganye, duk daga nesa. Tafiyar minti biyar ce tsakaninsa da ƙofar gidan, amma bai taɓa karya kan motar ba.

Damina kuwa ba ta karanta abin da aka rubuta a sitika. Ruwa ya sami hanya ta gefe ya shiga, ya kwanta a kan farin ƙarfen, rana ta fito ta dafa shi. Bayan wata biyu sai ga wani jan layi yana leƙowa daga ƙarƙashin “Shekarar Nasarata.” Kefas ya gane tsatsa ce. Ya je kantin littattafan ikilisiya ya sayo wata sitika da ta fi girma, ya manna a kan ta farko. Da ita ma tsatsar ta wuce bakinta, ya sayo ta uku, babba mai hoton kurciya, an rubuta mata “Ina Kan Hanyar Gida.” Don kada ƙofa ɗaya ta jawo ido, sai ya manna wa sauran ƙofofin nasu. Motar ta cika da wa'azi gaba da baya. 'Yan tasha suka sa masa suna Fasto. Tsofaffin mata in sun shiga sukan sa masa albarka, su ce da dukan direbobi haka suke tsoron Allah da hanya ta yi lafiya. Shi kuwa ya amsa da amin.

Gidan ba su yi shiru da shi ba. Duk wata abokin aikin nan yakan dawo masa da gaisuwa, wani lokaci har da gwate a kula, Mama ta ɗaure bakin da tsumma don kada ya huce. Kefas yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa kafin ya ci, domin ba ya so a ga babban mutum yana kuka a kan abinci. A wata na tara saƙon ya canza. Abokin ya ce, “Mama ta ce in gaya maka idon Baba ya yi nauyi. Sai abu ya matso kusa yake gane shi. Ta ce ka zo.”

Abin da ya faru a zuciyar Kefas a lokacin ba shi da daɗin faɗa, amma misali ba ya amfani in an ɓoye shi. Kafin tausayi ya zo masa, wani ɗan sanyi ne ya fara ratsa shi, ya ce a ransa, ashe ba zai gani ba. Nan da nan ya ji kunyar kansa, ya kuma tuna cewa ba ido ne abin tsoronsa ba tun farko. Amma tunaninsa duka a kan ƙofar mota ya tsaya. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da Mama take nufi da “ka zo” ba, ko mene ne tsoho mai rasa gani yake so ya gani tun da sauran haske.

Haka shekara ta cika. Saura mako guda ya mayar da mota, kuma wannan karon babu aike, gama ba a mayar da motar haya ta hannun wani. Sai ya kai ta wurin wani mai gyaran jikin mota a bayan tasha, inda ba a san shi ba. Mutumin ya sa wuƙa ya ɗaga sitikun nan uku, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito ya sa Kefas ya kau da kai. Kwarzanen da bai wuce ɗan yatsa ba ya zama faɗin tafin hannu, ƙarfen ya yi ja ya kumbura, a tsakiya har ya huje.

Mai gyaran bai damu ba, ya saba ganin irinsa a ƙarshen shekara. Ya ce zai cika ramin da fila, wato wani ƙullu da ake shafawa ya daskare, ya goge shi ya yi santsi, ya fesa shuɗin da ya fi kusa da wannan. Ya ce in an kai motar da la'asar, rana ta yi sanyi, mai ita ba zai gane ba. Kefas ya ce mai motar ma ba ya gani sosai. Mutumin ya yi dariya ya ce to ai ya huta. Sai Kefas ya tambaye shi, in mai motar da hannu yake dubawa fa? Mai gyaran ya daina dariya. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen motar da bayan yatsa, ya je ya ƙwanƙwasa wata da ya gama cika wa fila, ƙarar ba ɗaya ba ce. Ya ce wanda ya san aiki zai ji, amma ba kullum ba, ana iya dacewa.

Kefas ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya daɗe. Ya ga kansa tsaye a gindin mangwaro, yana kallon hannun tsohon da ya rene shi yana matsowa kusa da wurin, shi kuwa yana roƙon Allah a ransa hannun ya wuce. Ya ce to, a ce ma ya wuce. Sai ya zauna ya ci gwaten Mama da wannan a cikinsa, wata mai zuwa ma haka, har ranar da filar za ta tsage. A nan ya gane cewa ba tsallake dubawa yake nema ba. Abin da ya yi wata bakwai yana kewa shi ne ya zauna a gidan nan hankalinsa kwance, kuma babu mai gyaran da zai iya fesa masa wannan. Ya tashi ya ce wa mutumin ya bar ta haka. Ya ɓare sauran sitikun da hannunsa.

Ranar Asabar ya iso mararraba, ƙafarsa ta sauka daga totur kamar yadda ta saba. Wannan karon ya karya kan motar ya shiga.

Motoci suna jere, direbobi suna zaune, hira ta tsaya da suka gan shi. Wanda yake tsoron zai fara dariya ma bai yi ba. Mama Afiniki tana bakin madafa, ta dube shi, ta dubi ƙofar motar, ta koma ciki. Sai ga Baba ya fito da rigar aiki, hannu ɗaya yana bin bango, ɗaya riƙe da sanda. Idanunsa a buɗe suke, amma sun yi fari, suna kallon inda babu kowa. Kefas bai san abin ya kai haka ba. Ya tsugunna a gabansa ya gaishe shi. Sa'an nan ya tashi ya kama hannun tsohon, bai bari ya fara daga fitilar gaba ba, ya kai shi kai tsaye ya ɗora a kan tsatsar.

Ya ce, “Baba, ni na yi. Tun farkon damina ne, garin haɗama. Na rufe shi, na yi maka ƙarya, na ƙi zuwa.”

Baba ya bi wurin da yatsunsa a hankali, ya zagaye bakinsa, ya sa ɗan yatsa a ramin. Sai ya ɗaga murya ya ce wa Mama ta kawo masa abin nan na kan taga. Ta fito da wani ƙaramin gwangwanin madara, an rufe bakinsa da leda an ɗaure da zare. Baba ya ce a ba Kefas ya buɗe. Da ya buɗe sai ya ga shuɗin motarsa ne, shi ɗin dai, amma ya bushe ya daskare, har ya tsattsage.

Baba ya gaya masa cewa tun washegarin ranar labari ya iso shi, gama tasha ba ta da rufi. A makon nan ya zauna ya haɗa fentin, lokacin idonsa yana iya rarrabe shuɗi da shuɗi. Ya hana direbobi su yi wa Kefas maganar, yana so ya kawo da kansa. Kowace Asabar ta farko yakan buɗe gwangwanin ya juya shi da tsinke, ya ajiye kusa da guduma, in an watse ya mayar kan taga. Har ranar da tsinken ya ƙi shiga.

Ya ce, “Ƙarfe ba ya ba ni tsoro, ɗana. Zan yanke in liƙe, hannuna bai mutu ba. Launin ne ba zan iya sake haɗawa ba.” Sa'an nan ya ce, “Ba motar nake jira ba. Na so in ga fuskarka sau ɗaya kafin hasken ya tafi. Matso.”

Kefas ya matso. Tsohon ya jingine sandarsa, ya ɗora tafin hannu a goshinsa, ya bi fuskar a hankali yadda yake bin jikin mota, ta kan ido, ta kumatu, har haɓa. Hannun ya jiƙe. Baba ya ce masa ya rame. Mama ta ajiye kwanon samira mai ɓalli a kan benci, a wurin da Kefas ya saba zama, ta ce gwate yana hucewa.

Aikin rabin sa'a ya ci kwana uku. Baba ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, ya sa aka liƙa sabo, ya daidaita shi da hannu har ya yi sumul. Fenti kuwa wani ne ya haɗa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma bai dace ba. Duk mai ido zai ga wani faci a ƙofar baya wanda shuɗinsa ya fi sauran duhu. Baba ya sake miƙa wa Kefas makullin wata shekara. Kefas bai ƙara manna komai a wurin ba, in fasinja ya tambaye shi abin da ya sami ƙofar, yakan faɗa masa.

Ma'anar wannan misali ita ce, ran da kake ɗauke da shi ba naka ba ne, haya aka ba ka, kuma akwai ranar mayarwa wadda ba a aika wani. Mai shi ya san hanya tana da matsi. Bai ce kada ka taɓa kwarzanewa ba, cewa ya yi ka kawo masa da ɗanyensa, gama gyara nasa ne, Yesu Almasihu ya riga ya ɗauki nauyinsa. Yawancinmu ba babban karo ne yake raba mu da Ubangiji ba. Ƙaramin abu ne, tsawon ɗan yatsa: maganar da ka yaɓa wa maƙwabcinka a kan iyakar gona, ƙaryar da kika yi wa mijinki don a zauna lafiya, ƙyashin da ka ji ranar da aka zaɓi wani dattijon ikilisiya ba kai ba. Da an kawo shi a makon, da addu'a ɗaya da ban haƙuri ɗaya sun isa.

Amma mu mutanen ikilisiya muna da irin namu wayon, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Wanda ba ya zuwa sujada da abin duniya yake rufe laifinsa. Mu kuwa da abin Allah muke rufewa. Sai mutum ya ƙara ƙarfin amin, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, mace ta ɗaura zanen zumuntar mata ta zauna a layin gaba, baiko kuwa ba ya latti. Waɗannan duka abubuwa ne masu kyau, kamar yadda babu laifi a kalmomin da ke kan sitikun Kefas. Laifin shi ne inda aka manna su. Mutane za su kira ka Fasto, su sa maka albarka, tsatsa kuwa tana cin abincinta a ƙarƙashi. Kai da kanka ka sani, domin ka daina jin daɗin addu'a, kana zuwa gidan Ubangiji amma zuciyarka tana tsaye a mararraba.

Kefas ya ɗauka halinsa ne ya saya masa kwano a gidan nan. Ya mance cewa kwanon ma mai ɓalli ne, shi ya ɓalle shi, kuma ba a taɓa karɓe masa ba. In kana jin kewar Ubangiji a yau, in kana tuna lokacin da waƙar sujada take sa ka hawaye, kada ka ɗauka wannan kewa hukunci ce. Saƙo ne daga gida, an ɗaure bakinsa don kada ya huce.

A wuri ɗaya misalin ya gaza, dole in faɗa, don kada yara su tafi da kuskure. Idon Ubanmu na sama ba ya dushewa, jinƙansa kuma ba ya bushewa a gwangwani. Duk ranar da ka juyo zai karɓe ka. Amma kwanakin da ka yi a waje ba sa dawowa, kuma mutanen da ya ba ka ba za su dawwama ba. An gafarta wa Kefas sarai, an ba shi makulli, an ba shi kwanonsa. Duk da haka Baba bai ƙara ganin fuskarsa ba, shuɗin nan kuma ya tafi ke nan. Akwai wanda yake zaune a nan yau, uwarsa tana ƙauye tana tambaya, shi kuwa yana aika kuɗi don kada ya je a yi maganar da yake gudu. Akwai wadda ta yi shekara tana canza hanya don kada ta haɗu da 'yar'uwarta. Kuna cewa sai kun gyara tukuna za ku je. Ba a gyarawa kafin a je, zuwan ne gyaran.

Saboda haka kada ka jira shekara ta cika. Kowa a cikinmu ya san ƙofar da ya manna wa takarda, ya kuma san mararrabar da ƙafarsa take sauka daga totur. In ka isa wurin a wannan mako, ka karya kan motar ka shiga, ka kama hannun Mai ita ka ɗora a daidai inda ya lalace. Ana jiranka a gida, kuma ba motar ake jira ba.